Abin da Sodata Ta Ci

Malam,

Ina gaishe ka, da fatan kana cikin hutun Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Babu direban da zan miƙa wa ita a tasha, kuma ko kana raye ma cewa za ka yi in ajiye sai ka nemo tabarau. Amma zan rubuta, don tsohon littafin lakwal ɗin Hannatu, na makaranta, ya rage shafuka, ni kuma akwai maganar da ta rage mini. Shekara talatin da ɗaya ban kira sunanka ba, ba zan fara yau a kan takarda ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwarka. Gero ya yi a gonar gabas, ta yamma kuwa tsutsa ta raba mu da ita. Jar akuyar nan da ka ce a sayar ta haifi biyu, ban sayar ba. An gyara rufin majami'a, yanzu ruwa ba ya zuba a bencin da kake zama, sai dai babu wanda ya yarda ya zauna wurin. Ina yin sabulu kamar da, ina kai wa masu teburi a kasuwar Tasawa. Ina ci, ina barci. Mata suna cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irina ba, ni kuma ba na gyara musu. Ba haƙuri ba ne, Malam. Ka san yadda ƙafa take yi in an daɗe zaune a kanta, a tsunkule ta ba ta ji? Haka nake tun ranar da aka ɗauke ka daga tsakar gida.

Autarka Hannatu ta samu aiki. An tura ta koyarwa a wani ƙauye bayan Kanan-Bakashe, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Ita ta ce a fito da babur ɗinka daga rumfa. Na ce ta ɗauka. Me zan yi da shi, in zuba masa ruwa ya tsiro?

Da muka yaye buhunan da na rufe shi da su, na tuna yadda kake goge shi kowace safiya da tsohuwar singileti kafin ka fita yi wa dabbobin mutane allura. Farin ƙarfen nan mai sheƙi da makanikai ke ce wa kurom, kai a wurinka madubi ne. Fuskarka ba ta samu rabin kulawar da gardabun gaba ya samu ba, murfin nan da ke bisa taya. Ka sha tsayawa kana gyara hula a cikinsa kana zaton ban gani ba. Yanzu kurom ɗin ya kumbura ya fashe, yana tashi kamar ɓawon albasa, tsatsa tana leƙowa ta ƙasa. Hannatu ta shafa hannu sau ɗaya, ya yanke ta a yatsa.

Muka tura shi wurin Idi makaniki. Ya tsufa, amma bakinsa yana nan. Ya buga shi sau uku ya tashi, ya ce injin lafiya lau, mai shi ya riƙe shi da amana. Ya ce kurom ɗin ne ya mutu, kuma masu sake zuba shi sai an ƙetare iyaka, don haka a yi baƙin fenti a huta. Amma fenti ba ya kama kurom, sai an tuɓe shi har ƙarfe ya fito. Ya ce shi da ruwan batir yake yi, sai dai yana cin ƙarfen tare, yana kuma cin ƙirjin mai aikin. Sai ya dube ni ya yi dariya, ya ce ina aka taɓa ganin mai buhun soda a ɗaka tana neman makaniki, ai babu abin da ke kashe kurom irin sodar sabulu.

Na ce to. Na yi masa godiya. Na dawo gida na ɗora tuwo, na zauna ina kallon tukunya har ya kama.

Ga abin da ban faɗa maka ba.

Ka tuna lokacin da Sambo ya ari babur ɗin nan, shekara shida da suka wuce? Sambo amininka, Bafulatanin da kuka yi shekara ashirin kuna tsokanar juna, kana ce masa bawan saniya yana ce maka likitan awaki. Shi ya ɗaure maka karsana irin ta al'adarsu, habbanaye, ka riƙe ta ta haihu 'ya'yan su zama naka, sannan ka mayar da uwar. Ba kowa suke yi wa haka ba, balle wanda ba addininsu ɗaya ba. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya roƙi babur ya kai ta likita a Mayahi. Ka ce ya zo ya ɗauka da azahar, kai ka tafi taron majami'a.

Da hantsin ranar na jiƙa soda a tsohuwar roba. Iska tana kaɗawa a tsakar gida, sai na ɗora robar a kan katangar rumfa, daidai saman babur. Ka hana ni yin haka ya fi sau goma. Robar tana da tsagewa a gindi, na sani, na liƙe ta da leda na ce za ta riƙe. Da na dawo daga rijiya na tarar ruwan yana ɗiga a kan gardabu da zoben fitila, yana gangarawa. Na goge da tsumma, na ga yana sheƙi kamar da, na ce Allah ya rufa asiri. Ban ko wanke da ruwa ba, don na ji sallamar Sambo a ƙofa.

Bayan kwana uku ya dawo da shi, gardabun ya dushe, ga zane-zane masu launin toka sun gangara a jikinsa. Ka ce ya ɗauro jiƙaƙƙiyar kanwar shanu ne a kai. Ya ce tsohuwa kawai ya ɗauko, babu ko ƙullin kanwa. Ka sake faɗa, ya rantse. Sai ka ce masa, a ƙofar gida, gaban maƙwabta, ba ka san yana ƙarya ba sai yau.

Ina bayan zana, riƙe da ƙwaryar furar da na dama masa. Taku huɗu ne tsakanina da ku. Na ji ya ce a gaida mutanen gida, na ji tafiyarsa. Na mayar da furar ɗaki, Hannatu ta sha da ta dawo.

Me ya hana ni fitowa? Na tambayi kaina har na gaji. Tsoro ne, kuma ba babba ba. Ba ka taɓa son sana'ar sabulun nan ba, kullum kana cewa wata rana soda za ta makantar da yaro, na ji tsoron ka ce daga yau an daina. Shi ke nan. Na ce zan faɗa maka in ka huce. Kafin ka huce ka sa an kora masa karsanarsa tun ba ta haihu ba. Da aka yi haka sai maganar ta fi ƙarfin bakina. Sati ya zama wata, damina ta zo tsatsa ta shiga ta wurin da kurom ya dushe, kana gogewa kana tsaki kana ambaton kanwa, ni kuma ina miƙa maka ruwan wanka. Ka daina zuwa rugarsa, wani kake turawa ya yi wa shanunsa allura. Wani lokaci nakan ce wa kaina wataƙila ba sodar ba ce, wataƙila da gaske kanwa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Malam, ni kuma na san inda robata take yoyo.

Idi ya kwance kayan ya aiko mini da su a buhu: gardabu biyu, zoben fitila, murfin bututun hayaƙi, ƙarfen ɗaura kaya na baya, da ƙananan abubuwa. Ya haɗo da mayen ƙarfe da ya cire daga wata matacciyar rediyo. Ya ce duk abin da mayen ya kama, ƙarfe ne, in jiƙa. Wanda bai kama ba alminiyam ne aka lulluɓe da kurom, kar ya kusanci soda. Wannan ba sai an gaya mini ba. Wace mai sabulu ce take jiƙa soda a tukunyar alminiyam?

Na yanka tsohon bido, babbar jarkar nan ta roba, gida biyu, na kai shi bayan ɗaki inda kaji ba sa zuwa. Ruwa na fara zubawa, sannan soda a kai, kaɗan kaɗan, ina juyawa da sanda, kamar yadda nake yi shekara da shekaru. Ruwan ya ɗauki zafi, tururin yana hawa ido. Na sa safar roba, na ɗaure hanci da ɗankwali. Gardabun gaba na fara sawa.

Ba abu ne na sauri ba. Kwana biyu ina fito da shi ina dubawa ina mayarwa. Da farko sheƙin ya tafi. Sannan ya koma toka-toka, da zane yana gangarawa daidai inda ruwan ya bi da na ɗaga shi. Irin zanen nan ne, Malam. Launi ɗaya, gangara ɗaya. Na tsaya riƙe da shi ina jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, ban ji ba. Na wanke shi da ruwa bokiti uku, wanda ya kamata in yi tun shekara shida.

Ka san kurom ba fata ɗaya ba ce? Ni ban sani ba. A ƙarƙashin farin akwai wani mai ɗan rawaya-rawaya, soda ba ta cinsa, sai an bi shi da takardar gurza da soson ƙarfe. A wasu wuraren akwai ja kamar tagulla a ƙarƙashin wannan. Sai can ƙasa ƙarfen gaske, baƙi-baƙi, marar kyan gani, duk ramukan tsatsa kamar fuskar wanda ya yi agana. Abin da kake duba fuskarka a ciki shekaru nan bai kai kaurin ledar sukari ba. Na yi kwana tara ina gurza a gindin bishiyar bedi. Ɓarɓashin yana da kaifi, ya huda safar ya shiga ƙarƙashin farce, har yanzu akwai wanda bai fita ba. Duk wanda na gama sai in busar da shi nan take in shafa masa mai, don in ya kwana tsirara gobe za a tarar da shi ja. Ruwan da ya rage na haƙa rami nesa da rijiya na binne, Idi ya ce guba ne.

Aikin ya yi mini daɗi, in faɗa maka gaskiya. Shi ne abu na farko tun rasuwarka da ya cinye mini yini ban sani ba.

Sai hannun birki. Na ware shi gefe tun ranar farko, ina ajiye shi a kan taga. Shi kaɗai ne kurom ɗinsa bai kumbura ba, ya dai siɗe a wuri biyu, daidai inda yatsunka biyu suke kwanciya. Kai ba ka taɓa kama birki da hannu duka ba. Nakan ɗora nawa yatsun a wurin, ba sa cika shi. A rana ta goma na tattara ƙananan kayan da suka rage, na gwada kowane da mayen ƙarfe, ƙusa da zobe da wayar madubi. Shi ban gwada shi ba. Na ɗauka na san shi. Na jefa shi cikin bido tare da sauran, na tafi kai sabulu kasuwa.

Da na dawo bayan la'asar ruwan yana tafasa shi kaɗai, da baƙin kumfa a kai. Na tsamo shi da sanda. Ya zama kamar raken da aka tsotse aka yar. Babu wurin yatsu, babu komai, na matsa shi ya karye.

Hannatu tana tsaye a bayana. Ban ɓoye ba, ina ma zan ɓoye? Na ce mata ni ce, ban gwada ba. Ta ɗauki guntayen ta duba, ta ce ba komai Inna, za a sayi wani wurin Idi. Ta je ta kawo mini ruwa in wanke hannu. Shi ke nan fa. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba, rufi bai faɗo ba, kaji suna ta kiwonsu. Ashe haka faɗin laifi yake da sauƙi in an faɗe shi da zafinsa? Da na fito daga bayan zanar nan, me za ka yi mini? Ka yi faɗa kwana biyu, ka ƙi cin tuwona, ka hana ni sabulu wata guda. Sannan Sambo ya zo ya yi maka dariya har damina.

A wurin na zaunar da ita na gaya mata ɗayan labarin. Wannan karon ba ta ce ba komai ba. Ta ce Baffa Sambo ya zo ranar jana'izarka, ya tsaya can nesa gindin gawo, bai shigo gida ba. Na ce na gan shi. Ta ce in babur ya tashi, wurinsa za mu fara zuwa.

Idi ya yi masa jan fenti mai hana tsatsa, ya bi da baƙi. Ba za ka so shi ba. Ya yi kama da babur ɗin kowa, kuma in ka shafa gardabun kana jin ramukan ta ƙarƙashin fentin. Amma ƙararsa ba ta sake ba. Shekaranjiya muka hau, 'yarka a gaba, ni a baya inda na saba zama. Tana tuƙi irin naka, tana rage wuta tun kafin rami, tana magana da jakuna. Muka wuce Kanan-Bakashe muka saki hanya muka shiga rairayi.

Malam, tun ba mu iso rugar ba na hango mutum ya fito daga bukka da sauri. Babu hula, babu sanda, takalmi ƙafa ɗaya. Ka taɓa ganin Sambo ba sanda? Ƙarar ya ji. Ya tako har bakin shinge, hannunsa a goshi yana tare rana. Shi da ya tsaya ya ga an binne ka. Da muka matso ya ga mata biyu ne, sai ya sauke hannun, ya koma ciki ya ɗauko hularsa.

An shimfiɗa mana tabarma, an kawo nono. Na ce ba zan sha ba sai na yi magana. Na faɗa masa duka, robar da ledar da tsumman da zanar da furar da ban kawo ba. Ban yi kuka ba, na so in yi don ya ga nauyin abin, bai zo ba. Yana zaune yana zana ƙasa da tsinke. Bai ce ya sani ba, bai ce bai sani ba. Ya ce abin da ya wuce sai a bar wa Allah, shi ba shi da riƙo da uwar Hannatu, ya ci tuwon hannuna shekara ashirin. Ya tambayi yadda ciwon ya kama ka, da kwana nawa ka yi. Na ce kwana biyar, kuma da bakinka har ƙarshe.

Sai ya tambaye ni ko ka ambaci sunansa.

Ka san abin da ka ambata. Ka ambaci yara ɗaya bayan ɗaya. Ka ce a gaida fasto. Ka ce a sayar da jar akuya. Ka ce mabuɗin babur yana aljihun farar rigarka, kuma a riƙa tayar da shi duk sati kar injin ya kwanta. Ina zaune a kanka kwana biyar ɗin nan da maganar a bakina, ina cewa bari ka ɗan samu sauƙi.

Ƙarya ɗaya ƙarama za ta sallame shi da farin ciki, kuma babu mai ƙaryata ni, Hannatu ba ta ɗakin jinyarka a lokacin. Na ji ta ta hau harshena, har ta gyara zama. Na ce masa a'a, ba ka ambata ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce to, madalla da gaskiya. Ya tashi ya je wurin babur, ya shafa gardabun da babban yatsa, a hankali, daga sama zuwa ƙasa, yadda yake shafa wuyan saniya. Ya ce wa Hannatu ta riƙa kula da rairayin kusa da rijiya, yana kayar da mutum. Ya rako mu har bakin shinge. Da na waiwaya yana nan tsaye, bai koma ba har muka sha kwana.

Ban san ko na yi daidai ba. Kai ne mai sanin ayoyi, ni sabulu na sani. Abin da na sani shi ne shekara shida mutumin nan yana sauraren ƙarar babur ɗinka, kai kuma shekara shida kana bi ta bayan rugarsa kana ƙara wuta, kuma duk ku biyun kuna zaton ɗayan ne ya ci amana. Ni na raba ku, ina zaune a tsakiya ina dama fura. Shi ya ce ya yafe. Kai fa? Wa zan tambaya?

Hannatu ta tafi da babur jiya da safe. Rumfar ta yi faɗi. Na ajiye guntayen hannun birkin a cikin gwangwanin allurarka, tare da tabarau. Na jefar da tsagaggiyar robar, wadda ban jefar ba duk shekarun nan, ban san dalili ba. Gobe zan jiƙa soda, akwai masu jiran sabulu.

Ba kanwa ba ce, Malam. Sambo bai yi maka ƙarya ba. Ka huta lafiya, sai na zo na faɗa maka da bakina.

Ni ce matarka,
Rifkatu, uwar Hannatu